Keke mai naɗewa ko sikuta: wanne ya fi dacewa da mai yawo a jirgin ruwa idan ya sauka tudu?

Baƙon Teku ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota tafiyar ruwa. Ni da mai ɗakina muna shirin doguwar tafiya a jirginmu mai tafiya da iska, wanda tsawonsa mita 11 ne, kuma akwai magana guda da har yanzu ba mu cimma matsaya a kanta ba, wato abin hawan da za mu riƙa amfani da shi idan mun sauka tudu. Duk wanda ya taɓa kwana a jirgi ya san cewa wurin da ya fi daɗin tsayawa ba kasafai yake kusa da gari ba. Mutum zai sami lungu mai kwanciyar ruwa wanda iska ba ta dukansa, amma kantin kayan masarufi, da wurin cika tukunyar gas, da ofishin da ake buga takardun shiga ƙasa, duk suna can nesa da kilomita huɗu ko biyar. Tafiyar ƙasa ta awa guda zuwa da awa guda dawowa, da kaya a hannu cikin rana, takan cinye rabin yinin mutum, motar haya kuma ba ko'ina ake samunta ba.

Mun taƙaita zaɓinmu a kan abubuwa uku: keke mai naɗewa, da sikuta (ɗan abin hawa mai taya biyu da ake tsayawa a kai) mai batir, da sikutar da ake turawa da ƙafa. Ni hankalina ya fi kwanciya da keke saboda ɗaukar kaya, ita kuwa tana ganin sikuta ta fi sauƙin ɗagawa da adanawa, kuma gaskiya hujjarta tana da ƙarfi. Yawancin dararenmu a kan anga za mu yi su, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi wuri ɗaya, nesa da gaɓa, saboda haka duk abin da muka saya dole ne ya shiga ƙaramin kwalekwalen roba kafin ya taɓa ƙasa. Wurin ajiyarmu akwati ɗaya ne a ƙarƙashin bencin wurin tuƙi, sai ɗan ɗakin baya wanda muke so mu bar wa baƙi. Wutarmu ta sola ce, farantai biyu masu wat 100 kowanne. Da Bahar Rum za mu fara, idan Allah ya yarda.

Ina roƙon waɗanda suka riga mu a wannan harka su gaya mana abin da suka gani da idonsu: wanne ne ake amfani da shi da gaske bayan ɗokin sabon abu ya wuce, kuma wanne ne yake jure gishirin teku?

Tsohon Matuƙi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tun da ka ce a kan anga za ku fi kwana, ka riga ka amsa rabin tambayarka, domin abin da yake yanke hukunci a wannan magana shi ne 'yar tafiyar da ke tsakanin akwatin ajiya da bakin gaɓa. Masu sayar da waɗannan kaya kan yi ta bayanin gudu da yawan giya, amma mai jirgi wahalarsa tana wani wuri dabam: fitar da abin daga akwati, da miƙa shi ta kan shingen jirgi ga wanda ke tsaye a kwalekwale yana tangaɗi, da haye ruwa da shi ba tare da feshin gishiri ya jiƙa shi ba, sannan a ɗaga shi zuwa kan gadar tsayawa wadda wani lokaci ta kai ƙirjin mutum tsawo. Idan wannan aikin ya yi nauyi, za ka ga kuna cewa bari dai mu taka da ƙafa yau, har abin hawan ya shekara a akwati ba a taɓa shi ba.

Saboda haka kafin ka duba kowane irin keke, ka ɗauki awo ka gwada bakin akwatin nan. Bakin nake nufi, domin akwatunan jirgi sukan yi faɗi a ciki amma murfinsu ya yi ƙunci. Abin da nake ba mutane shawara shi ne su sami kwali su haɗa akwati daidai girman keken idan an naɗe shi, su gwada zura shi ta bakin, su kuma gwada fito da shi da hannu ɗaya. Keken Brompton, wanda ake ƙerawa a Landan, idan an naɗe shi yakan koma kimanin santimita 58 a tsaye, 56 a kwance, da 27 a kauri, kuma a cikin kekunan da manya ke hawa da wuya a sami wanda ya fi shi ƙanƙancewa. Yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba sai a cikin jirgi: sarƙarsa takan shige tsakiya idan an naɗe shi, don haka ba ta shafa baƙin mai a jikin kujera ko a rigar wanda ya rungumo shi. Nauyin na ƙarfe yana tsakanin kilo 11 da 13. Kekuna masu taya inci 20, irin su Dahon Mariner da yawancin na Tern, nauyinsu bai yi nisa da wannan ba, amma idan an naɗe su sun fi shi girma sosai, kuma a jirgi mai mita 11 guda biyu daga cikinsu suna iya cinye ɗakin bayan da kake son bar wa baƙi.

Duk da haka akwai dalilin da ya sa mutane da yawa suke zaɓar inci 20, kuma ina so ka auna shi da kyau. Babbar taya ta fi haƙuri da rami da tsakuwa, wannan sananne ne. Na biyu kuma shi ne samun kayan gyara. Taya inci 20 ta yawancin kekuna masu naɗewa girmanta ɗaya da ta kekunan wasan tsalle na matasa, wato mai lamba 406 (lambar tana nuna faɗin rim ɗin da tayar ke hawa, a milimita), saboda haka ko a ƙaramin tsibiri ana iya dacewa da ita. Ta Brompton kuwa, ko da yake ana kiranta inci 16, lambarta 349 ce, alhali inci 16 ta kekunan yara lambarta 305 ce, kuma ɗaya ba ta hawa kan ɗaya. Wanda ya zaɓi Brompton lallai ne ya tafi da tayarsa ta ajiya da tub biyu ko uku, domin ba zai same su a kowane shagon faci ba.

Game da kaya, a nan keke ba shi da abokin gasa. Jarkar ruwa mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, tukunyar gas ma ba wasa ba ce, ga buhun kayan wanki. Keke yana ɗaukar jaka a gaba da wata a kariyar baya, nauyin yana kan ƙarfe, bayanka yana hutawa. Kamfanin Brompton ya ƙayyade kilo 10 ga maɗaurin jakar gaba da kilo 10 ga kariyar baya, wanda ya isa cefanen mako na mutum biyu idan kowa ya ɗauki rabonsa. A sikuta kuwa duk abin da ka saya a bayanka zai hau, kuma rataya jaka mai nauyi a hannun sikuta yana sa kanta ya riƙa fizga, abin da ke da haɗari a gangare. Ni ra'ayina keke ne, kuma idan aljihu zai iya, mafi ƙanƙanta. Ku sa kowanne a jaka mai zif kafin ya shiga kwalekwale, domin feda da haƙoran giya suna gurje roba mai iska, ku kuma ɗaura wa jakar igiya har sai ta sauka lafiya, saboda abin da ya suɓuce tsakanin jirgi da kwalekwale ya tafi ke nan.

Uwargidan Jirgi ta amsa:

Malam, ina gaishe ka da mai ɗakinka, kuma ina so in ƙarfafa mata gwiwa, domin maganarta tana kan hanya. Baba Tsohon Matuƙi ya faɗi gaskiya cewa abin da ya yi wuyar fitarwa ba a amfani da shi, amma ni wannan hujjar tasa ce ta kai ni ga sikutar turawa da ƙafa. Kilo 12 ba nauyi ba ne a kan tudu. A cikin kwalekwalen da igiyar ruwa ke ɗagawa tana saukewa, mutum yana riƙe da jirgi da hannu ɗaya, kilo 12 abu ne da sai an yi shiri, musamman ga mace ko dattijo. Sikutar manya mai taya santimita 20, wadda ba ta da inji, nauyinta kilo huɗu zuwa shida ne. Ina rataya ta a kafaɗa in sauka tsani da ita, tana kwanciya a ƙasan kwalekwale ba ta tsare kowa ba, kuma guda biyu suna shiga wurin da keke ɗaya ba zai shiga ba.

Ba ta da sarƙa, ba ta da giya, ba ta da wayar birki idan mai birkin ƙafa ce, saboda haka abin da gishiri zai ci a jikinta kaɗan ne, galibi boris ɗin taya, wanda canza shi aikin 'yan mintuna ne. Idan na isa kanti sai in naɗe ta in sa a cikin kwandon sayayya in shiga da ita, ba na barin komai a waje da zan riƙa tunanin ɓarawo. Haka nan direban bas ko na jirgin ƙasa ba ya kallonta sau biyu. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya tana ninka saurin mai tafiya a ƙasa, wato tafiyar awa guda ta koma rabin awa, kuma wannan ya ishe mu a mafi yawan wuraren da muke tsayawa.

Zan faɗi iyakarta don kada in yaudare ku. Tsofaffin garuruwan bakin Bahar Rum da yawa titunansu da duwatsu aka shimfiɗa su, kuma ƙaramar taya mai tauri a kan irin wannan titi tana girgiza mutum har haƙora, wani lokaci ma ta cije a tsakanin duwatsu biyu ta jefar da mai ita gaba. Idan ƙasa ta jiƙe birkin ƙafa ba ya kamawa sosai. Tsibiran Girka da yawa kuma garin yana can kan tudu, tashar jirgi tana ƙasa, to a nan sai dai ka tura ta ka hau, ka kuma yi hattara wajen saukowa. Akwai masu tayar iska waɗanda suka fi laushi a kan duwatsu, sai dai sun fi nauyi kuma sun fi cin ƙarfi wajen turawa. Duk da haka ina ganin ma'aurata ba dole ba ne su sayi iri ɗaya. Keke ɗaya domin dakon gas da ruwa da nisa, sikuta ɗaya domin aike na kusa, ya fi kekuna biyu sauƙin ajiya nesa ba kusa ba.

Makanikin Lantarki ya amsa:

Ɗan'uwa, ni a kan sikuta mai batir zan yi magana, tun da waɗanda suka riga ni ba su taɓa ta ba, kuma ita ce ta fi jan hankalin mutane a yanzu. Mu fara da wuta. Xiaomi M365, wadda ta yaɗu ko'ina, nauyinta kimanin kilo 12 da rabi ne, batirinta kuma wat-awa 280 ne (wat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke tarawa). Segway Ninebot Max G30 batirinta wat-awa 551 ne, amma nauyinta ya doshi kilo 19, wanda a ganina ya fitar da ita daga lissafin mai kwana a kan anga. Idan ka raba 280 da volt 12 na batirin jirgi za ka sami amfiya-awa 23 da 'yan kai, kafin a sa asarar da caja da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gari) suke yi. Farantanka biyu, a ranar bazara mai haske, za su iya ba ka wat-awa 800 zuwa 1,000. Ke nan cajin M365 biyu da batirinsu ya ƙare ƙaf zai tafi da kusan kashi biyu cikin uku na abin da ka tara a yini, ga firiji yana jiran nasa, ga fitilu da na'urorin tuƙi. Wanda ke kwana a tashar jirage yana jona wutar gari bai san wannan matsala ba, amma kai za ka san ta tun makon farko.

Abin da ya fi damuna shi ne gobara. Batirin waɗannan sikutoci nau'in lithium ne mai tara wuta da yawa a ƙaramin wuri, kuma ya bambanta da LiFePO4, wani nau'in lithium ɗin da ake sa wa jirage domin fitilu da firiji, wanda ya fi shi natsuwa. A yawancin sikutoci batirin yana ƙarƙashin wurin taka ƙafa, wato daidai ɓangaren da ke kwanciya cikin ruwan da ya taru a ƙasan kwalekwale. Alamar IP54 da ke kan wasu daga cikinsu tana nufin jure ƙura da feshin ruwa kawai, ba ta nufin jure nitsewa, kuma da ruwan daɗi ake yin gwajin. Ruwan gishiri idan ya shiga cikin batir yana ci gaba da cin mahaɗan wayoyi a ɓoye, ta yadda wutar na iya tashi kwanaki bayan abin ya bushe a ido. Irin wannan wuta tana tashi da sauri, tana fitar da hayaƙi mai guba, tana kuma iya sake kamawa bayan an kashe ta, a cikin jirgin da aka yi da roba da katako, inda ƙofar fita ɗaya ce ko biyu. Hukumar sufurin Landan ta hana shiga jiragen ƙasa da motocinta da sikuta mai batir tun watan Disamba na 2021 saboda wannan dalili. Wanda ya nace sai ya ajiye ta a jirgi, to kada ya yi caji yana barci ko ba ya nan, kada ya yi caji a hanyar fita, ya yi amfani da cajar da ta zo da ita kaɗai, kuma duk batirin da ya sha ruwan teku a sauke shi daga jirgi ranar. Ya kuma karanta takardar inshorar jirginsa ya ga abin da ta ce game da irin waɗannan batura.

Sai doka, wadda ke canzawa duk lokacin da ka shiga wata ƙasa. A Birtaniya haramun ne hawa sikuta mai batir ta kanka a kan titin jama'a, na haya ne kawai aka yarda da su a wasu garuruwa, a ƙarƙashin gwajin da aka fara a 2020. A Jamus, tun 2019, iyakar gudunta kilomita 20 ne a awa, kuma sai da 'yar lambar inshora a manne a bayanta. A Faransa iyakar kilomita 25 ce, inshora kuma wajibi ce. Italiya ta tsaurara dokarta a ƙarshen 2024, inda ta wajabta hular kwano ga kowa, tare da tanadin lamba da inshora. Baƙon da ya sauka daga jirgi na kwana uku ba shi da hanya mai sauƙi ta cika waɗannan sharuɗɗa a kowace ƙasa, alhali keke ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin takardun nan. Idan ƙarfin batir kuke so saboda tuddai, keke mai taimakon lantarki ya fi tsabta a wajen doka, domin a Tarayyar Turai wanda injinsa bai wuce wat 250 ba, kuma taimakonsa ke yankewa a kilomita 25 a awa, ana ɗaukarsa keke ne kawai. Yawancinsu batirin yana cirewa, sai a sa shi a jakar da ruwa ba ya shiga a haye da shi dabam, wanda ya rage nauyin ɗagawa ya kuma rage haɗarin jiƙewa. Ka tuna kuma cewa kamfanonin jiragen sama ba sa ɗaukar batirin da ya wuce wat-awa 160, saboda haka idan kun bar jirgin kun koma gida ta sama, batirin a can zai zauna.

Baƙon Teku ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lissafin wutar da Makaniki ya yi ya sa mun cire sikuta mai batir daga cikin zaɓinmu, kuma shawarar Uwargidan Jirgi ta haɗa keke ɗaya da sikutar ƙafa ɗaya ta kwanta wa mai ɗakina. Mun gwada kwalin da Baba ya ce, mun ga mai girman Brompton yana shiga akwatin a tsaye, mai girman inci 20 kuwa sai an karkata shi, kuma murfin ba ya rufuwa idan igiyoyi suna ciki. Abin da ya rage mini shi ne tsatsa. Brompton jikinsa ƙarfe ne, Dahon Mariner kuwa alminiyon ne kuma masu jirgi aka yi wa shi. Shin wannan bambancin ya isa ya sa in haƙura da ƙanƙanta in nemi wa babban wani wurin ajiya, ko da a kan bene ne a ɗaure da shinge?

Tsohon Matuƙi ya sake amsawa:

Malam, a kan bene kam kada ka yi. Keken da aka ɗaure a shingen jirgi a teku, ko da an lulluɓe shi, gishiri yana shiga ƙarƙashin lulluɓin ya zauna, kuma cikin 'yan watanni sarƙa da wayoyin birki za su daskare. Igiyar tuƙi ma tana iya sarƙewa da shi a daidai lokacin da kake buƙatarta.

Jikin keke ba shi ne yake fara mutuwa ba, ko na ƙarfe ne ko na alminiyon. Sarƙa ce take fara ja, sai wayoyin birki da na giya a cikin bututunsu, sai notuna da maɗauran da ake naɗe keken da su. Alminiyon ma yana da tasa cutar: inda noti na ƙarfe marar tsatsa ya shiga jikin alminiyon, ruwan gishiri yana haɗa su ya zama kamar ƙaramin batir, alminiyon ɗin ya riƙa zama farin gari har notin ya ƙi kwancewa. Sandar sirdi ita ce ta fi yawan cijewa ta wannan hanya, kuma keke mai naɗewa wanda sandar sirdinsa ta ƙi sauka ya daina naɗuwa. Maganin shi ne tun keken yana sabo a kwance notunan ɗaya bayan ɗaya a shafa musu man hana tsatsa irin su Tef-Gel ko lanolin, a sa sarƙa mai rufin hana tsatsa irin wadda kamfanin KMC ke yi, a kuma sa wayoyin birki na ƙarfe marar tsatsa. Sandar sirdin Brompton kuwa ba a shafa mata mai, domin za ta riƙa zamewa ƙasa, goge ta kawai ake yi ta zauna a bushe. Duk inda fenti ya ɗaye a jikin ƙarfe a taɓa shi da sabon fenti tun bai yi ja ba.

Bayan kowace hayewa da feshi ya taɓa keken, a goge shi da tsumma da ruwan daɗi, lita ɗaya ta isa, a bar shi ya sha iska ya bushe sarai kafin a rufe zif, domin jakar da aka rufe da danshi a ciki ta fi rashin jaka illa. Da wannan kulawa mai jikin ƙarfe zai yi muku shekaru, saboda haka ka ɗauki wanda ya shiga akwatin murfin ya rufu, ka haɗa da taya ɗaya ta ajiya mai lamba 349, da tub, da kayan faci, da ƙaramin famfo mai kai iska sosai, domin waɗannan ƙananan tayoyi suna son iska mai ƙarfi.